Sharaɗin Aure: A Faɗa, A Kuma Rubuta

Mun daɗe muna zaman sulhu tsakanin ma'aurata, daga Wara ta ƙasar Ngaski har Yelwan Yawuri, mun kuwa lura galibin rigingimun daga alkawarin fatar baki suke tasowa.

Tun da aka gama madatsar ruwan Kainji cikin 1968, bakin tafki ya tara masunta da fatake. Mace takan zuba ribar bandar kifinta cikin jirgin mijinta ko jarinsa. Ran da saki ko mutuwa ta gitta, sai shi ko magadansa su ce kyauta ce, ita ta ce rance. Alhali aure ba ya gama dukiya, nata nata ne, kuma aya ta 282 cikin Suratul Baƙara ta yi umurni da rubuta bashi da kafa shaidu.

Haka nan ma'aikata. Waliyyi ya sharɗanta kada a raba 'yarsa da garinsu, ango ya amsa don kunya, sai ga canjin aiki zuwa Birnin Kebbi. A mazhabar Malikiyya kafa irin wannan sharaɗi makaruhi ne, cika shi mustahabbi. Ba ya lazimtar miji, sai in ya rataya saki a kansa, ko ya mallaka wa matar al'amarin kanta. Iyaye nawa suka san wannan?

Saboda haka, 'yan'uwa, a tambayi malami kafin ɗaurin aure, a rubuta gaban shaidu. Kunyar yini guda ta fi jayayyar shekaru gaban alƙali. Allah Ya sa mu dace, amin.