Shin Doguwar Halwa Tana Goge Zanen Dutse?

Hausawa sun daɗe da yanke hukunci cewa hali zanen dutse ne. Amma kuma su ne suke kai ɗansu mai zafin rai wurin malami a ba shi wuridi, da fatan zuciyarsa ta yi sanyi. Ke nan ko dai karin maganar bai faɗi gaskiya duka ba, ko kuwa fatan na banza ne. Mutumin da ya shekara talatin yana keɓe kansa safe da yamma, ya tattara hankalinsa wuri guda, shin halinsa yana sauyawa, ko kuwa zaman kawai ya ƙware a kai?

Gidan da na tashi ya ba ni amsoshi biyu masu karo da juna. Kawuna ya riƙi wuridi tun kafin a haife ni, ban kuma taɓa ganin ya bar lazimin safe ko na yamma ba. Idan yana kan buzunsa, fuskarsa a kwance take kamar ruwan randa. Amma da zarar ya naɗe buzu, yaro ya yi kuskuren zubar masa da shayi, kowa a gidan sai ya nemi wurin ɓuya. Kakata kuwa, an ce a ƙuruciyarta ba a taka ta a kwana lafiya. Ni na same ta tsohuwa mai jan carbi, wadda za a yaɓa mata baƙar magana ta yi shiru, ta numfasa, sannan ta amsa da taushi. Wani zai ce aikin tsufa ne. To, ai kawu ma ya tsufa.

Masana a ƙasashen Yamma sun kai wannan tambaya ɗakin gwaji. A 2004, Richard Davidson na Jami'ar Wisconsin da ke Amurka da abokan aikinsa sun auna ƙwaƙwalwar mabiya addinin Buddha guda takwas, waɗanda kowannensu ya yi aƙalla awa 10,000 yana zaman natsuwa. Sun ga ƙwaƙwalwarsu tana aiki dabam da ta ɗaliban da suka yi horon mako guda kacal, har a lokacin da suke hutawa. Sai dai na'ura ba ta nuna yadda mutum yake yi wa iyalinsa magana.

Shi ya sa gwajin da David DeSteno da abokan aikinsa na Jami'ar Northeastern suka wallafa a 2013 ya fi jan hankalina. An horar da wasu mutane zaman natsuwa na mako takwas, sannan aka gayyato su ɗaya bayan ɗaya zuwa ɗakin jira mai kujeru uku, biyu da mutane a kai. Bayan mutum ya zauna a ta ukun, sai wata mata ta shigo tana dogara sanduna, tana nuna alamun ciwo. Kimanin rabin waɗanda suka yi horon sun tashi sun ba ta wuri, alhali a cikin waɗanda ba su yi ba, kusan mutum ɗaya ne cikin shida ya tashi. Abin ƙarfafa gwiwa ne, ko da yake mutanen ba su kai arba'in ba. Kuma a 2018, wasu masana da suka sake bitar irin waɗannan bincike sama da ashirin sun gano cewa ƙaruwar tausayi ta fi bayyana ne inda malamin da ya koyar da zaman yake cikin marubutan binciken, ba su kuma ga hujjar raguwar faɗa ko ƙyamar wasu ba.

Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya riga su tattauna batun a littafinsa Ihya'u Ulumiddin. Ya yi raddi ga masu cewa ɗabi'a ba ta sauyawa, da hujjar cewa in haka ne, wa'azi da tarbiyya ba su da amfani, kuma ko doki mai tutsu ana hora shi. A wurinsa manufar ita ce a sa wa fushi linzami, ba a tumɓuke shi ba, kuma hanyar ita ce tilasta wa kai aikata kishiyar mugun halin har ya zama jiki. Marowaci da bayarwa yake warkewa.

A nan ne nake ganin bambancin kawu da kaka. Ita in dare ya yi, bayan carbi, takan bi abin da ta aikata a yinin ɗaya bayan ɗaya, kuma ba ta kwanciya sai ta je ta ba wanda ta ɓata wa rai haƙuri, ko da jikanta ne. Zaman ya ba ta ɗan tsaikon nan da ke tsakanin jin zafi da buɗe baki, ita kuma ta yi shekaru tana aiki da shi a tsakar gida. Kawu ya samu natsuwar, ya bar ta a kan buzu.

Maganar tana da nauyi, domin muna ba da aure, muna damƙa amana, bisa shaidar cewa wane ba ya rabuwa da carbi. 'Ya'ya mata nawa ne suka shiga ƙunci a gidan wanda unguwa take kira waliyyi? Ladan ibada yana wurin Allah, ba mu da ta cewa. Amma in hali ake nema, a tambayi matar mutum da yaran shagonsa da wanda yake binsa bashi.

Ra'ayina shi ne doguwar halwa tana iya sauya mutum, a hankali, kamar yadda igiyar guga take cin bakin rijiya. Sharaɗin kawai shi ne igiyar ta riƙa gogar dutsen kullum, a wurin da zanen yake.