Baƙo a Tsibirin Lamu

In kun duba taswirar Afirka, kuka bi gaɓar teku ta gabas da yatsa, kuka wuce Mombasa kuka yi arewa, kafin ku kai iyakar Kenya da Somaliya za ku ga waɗansu 'yan ɗige-ɗige cikin ruwa. Tsibirai ne, watau ƙasa wadda ruwa ya kewaye ta ko ta ina. Ɗaya daga cikinsu shi ne Lamu. Mutanensa Suwahilawa ne, yawancinsu Musulmi, garinsu kuwa ya yi shekara fiye da 600 ana zaune cikinsa.

Wani malamin makaranta, mutumin Katsina, ya tafi Mombasa wajen wani taro na malamai. Da aka tashi taro sai ya ga yana da sauran kwana huɗu, ya ce bari ya je ya ga wurin nan da ya sha jin labarinsa. Jirgin sama ba ya sauka a Lamu, sai a wani tsibiri da ke daura da shi, ana ce da shi Manda. Daga nan a ke shiga jirgin ruwa a ƙetare. Malam bai taɓa hawa ruwan da ya fi na gulbi ba, saboda haka ya riƙe katako da hannu biyu, yana addu'a a zuci, yaran jirgi suna ta yi masa murmushi. Bai gama addu'ar ba sai ga su bakin gari.

Abin da ya fara ba shi mamaki shi ne, ba motar da ta zo taryen baƙi. Jaki aka kawo, aka aza masa akwati. Hanyoyin cikin gari lunguna ne ƙunci-ƙunci, waɗansu in mutum ya miƙa hannuwansa sai ya taɓa bangon dama da na hagun. Mota ba ta shiga, don haka jakuna dubbai ne ke aikin gari. Su ke ɗaukar yashi da dutse, da buhunan shinkafa, da kwakwa, har da mutane. In jaki ya taho da mangala cike, kowa sai ya raɓe da bango, ko attajiri ne. Tun 1987 a ke da asibitin jakuna a bakin ruwa, inda a ke duba su. Malam ya daɗe tsaye nan yana kallon ana wanke wa wani gyambon da akumari ya yi masa, ya tuna da na garinsu waɗanda ba mai tambayar lafiyarsu sai ranar da suka kasa tashi. A 'yan shekarun nan babura sun shigo, dattawa kuwa ba su yi murna da su ba.

Ya sauka gidan wani tsoho mai ba da ɗakuna haya. An gina gidan da wani farin dutse da a ke sarowa daga teku, azararsa kuwa ta wani itace ce mai tsirowa cikin ruwan gishiri, wanda gara ba ta cika damunsa ba. A ƙofar gida akwai dakali biyu suna duban juna, nan maigida ke karɓar baƙi, kamar yadda a ke yi a zaure. Ƙyauren kansa abin kallo ne, don an sassaƙa masa furanni da rubutun Larabci. Saboda irin waɗannan gine-gine ne hukumar UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya a 2001.

Da tsohon ya ji sana'ar baƙonsa sai ya riƙa kiransa Mwalimu. Jikan gidan ya zo ya rusuna ya ce, "Shikamoo," tsoho ya amsa, "Marahaba." Malam ya yi dariya ya ce, "Ashe har nan maraba ta iso!" Daga nan suka zauna suna gwada kalmomi. Alƙalami, kalamu. Sabulu, sabuni. Labari, habari. Duniya, dunia. Larabci ne ya ba harsunan biyu, ɗaya ta hanyar raƙuma, ɗaya ta hanyar jiragen ruwa. Gama tun zamanin da, iska ce ke kawo fatake nan. Wajen watan Disamba ta kan huro daga arewa maso gabas, ta turo jiragen Larabawa masu babban ƙyalle, ɗauke da dabino da tufafi. Wajen Afrilu sai ta juya, su koma da azara da hauren giwa. Har bayi an yi ciniki da su, suna noma gonakin masu gari, ba a soke bauta a nan ba sai 1907.

Kashegari jikan ya zaga da shi. Ya ga ganuwar da aka gama ginawa a 1821, ya yi azahar a masallacin Riyadha, wanda wani malami mai suna Habib Swaleh ya kafa. Malamin nan ya rasu a 1935, amma Mauludin da ya raya yana nan, kowace shekara mutane na zuwa daga nesa, a yi karatu, a yi tseren jiragen ruwa da sukuwar jakuna.

Da dare ya nemi ruwan wanka, aka kawo masa bokiti guda. Da ya gama ya tambaya ko da ƙari, don zafin wurin mai ɗanko ne. Tsoho ya sa aka ƙaro masa rabi, sa'an nan ya ce, "Mwalimu, gobe in Allah ya kai mu zan nuna maka inda ruwan nan ya ke fitowa."

Da hantsi suka bi bakin teku da ƙafa, kamar kilomita 3, zuwa wani ƙauye, Shela. Bayan ƙauyen akwai tuddan rairayi manya-manya, sun miƙe kusan kilomita 12. Malam ya ga kamar an ɗauko jigawar arewacin Damagaram an ajiye ta bakin ruwa. Tsoho ya ce, "To, ga randar garinmu." In an yi ruwan sama, rairayin nan ya kan shanye shi ya ɓoye. Ruwan daɗi bai kai na gishiri nauyi ba, don haka ya kan zauna a bisansa, kamar yadda man gyaɗa ke zama bisa ruwa cikin ƙwarya. Rijiyoyin da ke shayar da gari a gindin tuddan nan su ke. Muddin ana ɗiba daidai da abin da sama ta bayar, lafiya lau. In aka zarce, sai na gishiri ya taso daga ƙasa, rijiya ta zama zartsi, kuma ba ta saurin komawa.

Malam ya ce, "Baba, to, me ya sa za a zarce?"

Tsoho ya nuna masa sababbin gidaje farare a gefen tudu. Baƙi masu kuɗi daga Turai da Nairobi sun zo yawon buɗe ido, wurin ya yi musu daɗi, suka sayi filaye da tsofaffin gidaje. Waɗansu har da tafkin wanka a tsakar gida. Ya ce, "Ba na ƙin baƙo, Mwalimu. Da kuɗin baƙo na ke biya wa yaron nan makaranta. Shekarar da aka yi tashin hankali a ƙetare, baƙi suka ɗauke ƙafa, masu jirage da masu jakuna duk mun ji a jikinmu. Amma baƙo kwana bakwai zai yi ya tafi, shi bai san zurfin rijiya ba." Malam ya yi shiru, ya tuna da rabin bokitin jiya.

Ran kwana na uku suka ɗauki jirgi suka koma Manda, ta wata 'yar hanyar ruwa tsakanin itatuwa. Ba a bin ta sai teku ta ciko, gama sau biyu a yini ruwa ke janyewa ya bar taɓo. Suka iske kufan wani gari, Takwa. Bangon masallacinsa na nan tsaye, da alkiblarsa, da wurin alwala, ga kukoki sun yi girma a inda dā gidaje su ke. Mutanensa sun tashi wajen shekara 300 da suka wuce. Masana sun ce akwai rikici da maƙwabta, amma babban dalili shi ne rijiyoyinsu sun koma gishiri. Mutanen Shela sun ce su ne jikokinsu, har yanzu kuma su kan ƙetaro su yi roƙon ruwa wajen wani kabari mai dogon ginshiƙi.

Malam ya leƙa tsohuwar rijiyar da ke kusa da masallacin, yana so ya daɗe. Sai mai jirgi ya ɗaga murya ya ce su yi hanzari, ruwa ya fara janyewa, in suka ƙara jinkiri a nan za su kwana.