Na gyara aji, ban leƙa gida ba

Shekaru na yi ina shugabantar wata firamare a karkarar Katsina, kuma duk taron da aka ba ni dama, magana ɗaya nake yi: a ba mu kuɗi a ga aiki. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don ilimin matakin farko, ni kuwa a ganina da zarar rabonmu ya iso, an gama.

Ya kuwa iso. Aka yi mana sabon rufin kwano, aka kawo bencina, aka shafe bango da fenti. Da sakamakon 'yan aji shida ya fito, jiya i yau.

Laifin nawa ne. Rajista tana kan teburina, kullum ina sa hannu, ban taɓa tambayar abin da take faɗa ba. Ranar kasuwa rabin aji babu kowa. Damina na sauka, maza suna gona. 'Yan mata kuwa, ana fita tara sai su sulale su ɗauki farantin talla. Bulala kawai na sani. Iyaye kuma sai za a karɓi kuɗin PTA nake nemansu.

Wata uwa ce ta zo har ofis bayan na zane 'yarta. Ta ce, "Malam, tallan nan da ka dake ta a kai, da shi ake cefane, da shi nake tara mata kayan ɗaki. Kai za ka saya mata gado?" Na rasa ta cewa.

Daga baya na karanta rahoton James Coleman na 1966, wanda ya nazarci ɗalibai fiye da 600,000 a Amurka. Ya gano cewa halin da gida yake ciki ya fi kayan makaranta tasiri a kan ƙoƙarin yaro. Kada dai wani gwamna ya fake da wannan ya riƙe albashin malamai. Ɗan talaka ne ya fi kowa bukatar makaranta mai kyau, don ba shi da wani littafi a gida. Sai dai kuɗin ya bi inda matsalar take. Da kwanon abinci aka ba yaran nan da rana maimakon fenti, da rajistata ta canza.

'Yan'uwana hedimastoci, kafin ku rubuta takardar neman sabon gini, ku ɗauki rajista ku je wurin mai unguwa, ya raka ku zaurukan yaran da ba sa zuwa.