Abin da Fayil Ke Zubarwa a Hanya

A kowace manhajar ajiye bayanan sinadarai akwai umarnin da ake dannawa a ƙarshen aiki, lokacin da kowa ya gaji: fitar da bayanai zuwa fayil. A ganina babu matakin da ya kai shi haɗari, kuma dalilina yana Anka da Bukkuyum.

A watan Maris na 2010 ne likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara ƙanana suna jijjiga suna mutuwa a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma. Gubar dalma ce, daga dutsen zinaren da ake kawowa cikin gida a daka a turmi, ko a niƙa a injin niƙa, ƙurarsa ta sauka inda yara ke rarrafe. Fiye da yara 400 suka rasu. Daga nan aka shiga awo: hukumar CDC ta Amurka da MSF a kan jinin yara, kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith a kan ƙasar tsakar gida. Dubban lambobi suka taru a kwamfutoci.

Muddin lamba tana cikin manhaja, tana tare da danginta: ma'aunin da aka yi amfani da shi, ranar awo, na'urar da ta auna. Fayil mafi sauƙi, wato CSV, layuka ne kawai da waƙafi ke raba su, kuma abin da ba a ware masa gurbi ba, a baya ake barinsa. Na'urar LeadCare II, wadda ake gwajin jini da ita a ƙauye, ba ta karanta abin da ya haura mikirogiram 65 a kowace desilita. Sai dai ta nuna cewa ya yi yawa. A Zamfara kuwa akwai yaran da nasu ya wuce 300. To idan gurbin ba ya karɓar komai sai lamba, me zai fito? Ko 65, ko fili. Na farko ya daidaita yaron da ke bakin kabari da wanda ke da sauran lokaci. Na biyu ya fi muni, domin mai lissafi zai tsallake shi kamar ba a taɓa gwada yaron ba. 'Yar alamar “ya fi” ita ce duk labarin, kuma ita ke fara faɗuwa.

Haka ma sunan sinadarin. Dalma ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda ta haɗu da farar wuta, dutsen da iyayenmu mata suka sani da tozali. Akwai wadda ruwa da iska suka daɗe suna ci har ta koma kabonet. Binciken masana duwatsu na hukumar USGS, wanda ya fito a 2013, ya nuna dutsen Zamfara na ɗauke da wannan ta biyun, mai saurin narkewa a ruwan ciki. Fayil ɗin da ya rubuta Pb kurum ya faɗi gaskiya, amma ya ɓoye dalilin da ya sa gubar ta yi wannan kaifi.

Inda abin ya fi ba ni sha'awa shi ne maganin kansa. Succimer, wanda aka riƙa bai wa yara su haɗiya don ya kama dalmar ya fitar da ita ta fitsari, ƙaramin sinadari ne mai ƙwayoyin zarra na kabon huɗu da na farar wuta biyu. Zanensa a allo ba ya shiga layin rubutu, don haka masana suka ƙirƙiro hanyoyi. SDF yana jera kowace ƙwaya da matsayinta da abin da ta riƙe. SMILES, wanda David Weininger ya ƙirƙiro a shekarun 1980, yana matse ƙirar duka a layi guda. Sai dai ƙwayoyin nan na iya zama ta fuska uku, kamar mutane ɗaya ne a zaure amma wurin zama ya bambanta, kuma fuska ɗaya, wadda ake kira meso, ita ce maganin. A SMILES alamar @ ce ke riƙe da wannan bambanci. A fitar da fayil babu ita, ukun sun zama ɗaya, manhaja kuma ba za ta yi ko tari ba.

Duk da haka ina goyon bayan a fitar. Manhaja haya ce: lasisi na ƙarewa, ƙungiyoyi na naɗe tabarmarsu su tafi. Fayil na rubutu zalla kuwa kowace tsohuwar kwamfuta za ta buɗe shi. A lokacin share ƙauyukan, har zuwa Bagega a 2013, an kankare ƙasar sama mai guba, an binne ta a ramuka, an zuba sabuwa. Dalma ba ta ruɓewa. Yaran da suka tsira yanzu sun tasa, suna dab da neman filin gini, kuma ƙasar ramin nan ba ta da wata kama da za ta hana mai buga tubali ɗiba.

Shi ya sa nake so a ce kwafin fayilolin nan yana sashen lafiya na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, har da maƙwabciyarsu Gummi, an cire sunayen yara, an bar na ƙauyuka da wurin kowane rami. Kowane fayil kuma ya zo da shafi guda, da Hausa, mai bayyana abin da kowane gurbi ke nufi, da ma'aunin da aka yi amfani da shi, da kuma inda 65 ke nufin na'ura ce ta kai iyakarta.