Sheƙar Kurciya a Hanyar Tambuwal zuwa Kebbe

A farkon daminar bana ɗaurin auren wani ɗalibina ya fitar da ni daga Sakkwato. Na bi hanyar Jega na kwana a Tambuwal, garin da tarihi ya danganta da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, washegari na nausa Kebbe. Abin da ya fi tsaya mini a rai daga wannan tafiya shi ne wata sheƙar kurciya da na tarar a kan bishiyar aduwa, a bakin wata gona.

In ka ga sheƙar kurciya sai ka ce ba ta gama ginin ba. 'Yan tsinkaye ne ta jera a mararrabar reshe, har kana hango ƙwai ta ƙasa. Ƙwai biyu take yi, farare. Namijin ya kwanta a kansu da rana, macen ta karɓe shi da dare, kimanin mako biyu su ƙyanƙyashe. Uwa da uba duka suna ciyar da 'ya'yan da wani ruwa mai kauri kamar nono da ke fitowa daga maƙoshinsu, bayan wasu makonni biyun kuma su tashi. Sheƙa mai rauni haka, ƙaya da duhuwar ganye ne garkuwarta. Shi ya sa kurciya ke son aduwa da magarya da bagaruwa, bardo mai dogon wutsiya kuwa ƙaramin kurmi kusa da ƙasa ya ishe shi.

Mai gonar, wani dattijo, ya same ni ina leƙe. "Malam, kada ka taɓa," in ji shi. Na ce, "Baba, kallo kawai nake yi." Ya yi murmushi, ya nuna mini kututturan da ke gefen gonar maƙwabcinsa, ya ce a da akwai kirya da marke a wurin, masu gawayi suka saye su. Cilakowa da ke kwana a cikinsu, in ji shi, ta bar wurin kamar an yi mata kurciya.

Maganarsa tana da tushe. Cilakowa a kogon bishiya take ƙwai. Macen ta shiga, a toshe ƙofar da laka da kashi, a bar 'yar tsaga da namijin zai riƙa miƙo mata abinci. Kogo kuwa sai tsohuwar bishiya, dashen bana ba ya samar da shi. Dogon yaron da muke shukawa a bakin titi yana ba da inuwa, amma kafin ya tsufa ya yi kogo shekaru sun ja.

A wani ƙauye kafin Kebbe na ga shamuwa sun tara kirare a kan tsamiyar da ke kusa da masallaci. Rani a kudancin Afirka suke yi, su dawo mana da ruwan farko, kuma ba a jifansu domin manomi ya ɗauke su masu bushara. A fadama kuwa marai sun rataye sheƙunansu a kan reshe ɗaya, namiji ya saƙa, mace ta duba, in ba ta yarda ba ya sake wata. Tsamiyar masallaci ta tsira saboda tana da masu ita. Bishiyar daji ba ta da mai tsaya mata.

Ba tsuntsayenmu kaɗai abin ya shafa ba. Akwai kurciyar Turai da ke ƙetare Sahara ta yi hunturu a yankinmu na Sahel. A Ingila yawanta ya ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 tun shekarun 1970, a 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke fuskantar barazana, a 2021 kuma Faransa da Sifen da Fotugal suka dakatar da farautarta. Su can sun hana bindiga a wancan lokacin, mu nan muna sare mata wurin kwana.

Ban zo da wa'azi ga mai gawayi ba. Kuɗin gas da kananzir sun fi ƙarfin talaka, rashin tsaro kuma ya hana mutane da dama noma gonakinsu na nesa. Ni ma a gidana ana hura gawayi, kuma ina yaro na kashe kurciyoyi da danƙo, ban san adadinsu ba. Amma a Maraɗi da Damagaram manoma sun farfaɗo da miliyoyin kadada ta hanyar barin tohon kututture ya girma a gona, suna yi masa sassabe maimakon tumɓukewa. Wannan ba ya buƙatar kwangila. Hakimai da limamai da malaman gona za su iya yaɗa shi, kamar yadda za su iya hana sare tsofaffin bishiyoyi masu kogo.

Da zan tafi na tambayi dattijon ko ya taɓa tunanin sayar da aduwar. Ya ce sau biyu ana taya ta. "To me ya hana, Baba?" Ya ce mahaifinsa ne ya bar masa ita a tsaye, kuma jikokinsa na shan 'ya'yanta. Muna sallama kurciyar ta dawo ta kwanta a kan ƙwanta.