Ranar da tina ta rikita min sensa

Lokacin ina yaron shago, wani ya kawo Samsung Galaxy S4, ƙirar 2013, ta faɗa ruwa. Na ciro injin na wanke shi da tina, na busar, waya ta tashi. Har na fara jin kaina.

Bayan kwana biyu sai ga mutumin ya dawo. Ana tsakiyar hunturu, leɓe na tsagewa, amma wayar na nuna danshin iska kamar muna cikin Agusta. Oga ya dube ni ya ce, "Kai, da me ka wanke ta?"

Ashe S4 tana da wata 'yar sensa mai auna danshi. A cikinta akwai siririn shimfiɗi na polima, wato dangin roba, tsakanin wasu ƙarafa. Polimar tana shan tururin ruwan da ke iska, yanayin lantarkinta ya canza, waya ta mayar da canjin zuwa lamba. Matsalar ita ce ba ruwa kaɗai take sha ba. Tururin tina ko na gam mai ƙarfi ma yana shigarta, lissafi ya karkace, kuma ya kan daɗe bai saki ba.

Oga bai karɓi ko sisi a aikin nan ba, ni kuwa na sha faɗa.

Abin da ya fi tsaya min a rai daban ne. 'Yar robar nan ta ji tururin da ni nake shaƙa tun safe har dare, hancina ya saba ya daina ji. Tun ranar, in zan buɗe kwalbar tina ko in kunna ayan, sai na buɗe ƙofa na juya fanka waje.