Wa Zai Biya Lauyan Sirri?

A kasuwar Wuse ta Abuja akwai wani dattijo mai sayar da atamfa, wanda kullum yakan aika wa dillalinsa na Kantin Kwari lissafin kuɗi ta WhatsApp. Hankalinsa kwance yake, gama tun 2016 irin wannan saƙo a kulle yake tafiya, watau cikin zaurancen kwamfuta wanda ba mai warware shi sai wanda aka aika wa.

Ran nan ɗansa mai karatun lauya ya ce masa, "Baba, wannan kwanciyar hankali fa da kuɗin wasu aka saye ta." Dattijo ya ce a feɗe masa biri har wutsiya.

To, a da gwamnatin Amurka ta lissafa wannan zaurance cikin kayan yaƙi, ba a fitar da shi ƙasar waje sai da izini. Da Phil Zimmermann ya saki manhajarsa PGP a 1991 ta bazu duniya, sai aka shiga bincikensa, shekara uku. Jama'a suka kafa asusu, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa domin biyan lauyoyi, har aka rufe binciken a 1996 ba tare da tuhuma ba. Haka kuma a 1995 wani ɗalibi, Daniel Bernstein, ya kai gwamnati ƙara, ƙungiyar EFF ta tsaya masa. Kotu ta ce rubutun manhaja magana ce, tsarin mulki ya kare ta. A 2000 aka sassauta dokar.

Yaron ya ƙara da cewa a gida ma an gani. Da aka dakatar da Twitter a Yunin 2021, ƙungiyar SERAP da wasu suka garzaya Kotun ECOWAS a nan Abuja, a Yulin 2022 kuwa ta ce dakatarwar ta saɓa doka. Shari'a da hukuma doguwar tafiya ce, mai guzurin kwana ɗaya ba ya kai ƙarshenta, shi ya sa ake haɗa hannu.

Dattijo ya yi shiru. Shekara da shekaru yana zuba kuɗin mai gadin kasuwa bai taɓa ƙorafi ba, amma bai san sirrinsa ma yana da masu gadi ba. Can ya nisa, ya tambayi ɗan nasa inda ake kai irin wannan gudummawa.